Fitilu Kore, Rediyo Shiru

Maamobi, Accra
9 ga Maris, 2024

Zuwa ga 'yata Bilkisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so a Zariya. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwata ta dama ce dai take tsiyarta, sai na huta sau biyu kafin in gama hawa matakalar gidan rediyo. Jiya na biya ta Nima na ga mahaifiyarki Sa'adiyya. Hawan jinin ya sauka, har ta koma suyar ƙosai a bakin titi duk da an hana ta. Da na yi mata faɗa sai ta ce tunda kakanmu ɗaya ni da ita, in fara duba taurin kaina tukuna.

Kin san kunnena da waya ba sa shiri, shekaru da yawa ina toshe shi a ɗakin sauti. Saboda haka na rubuta da hannu, Zelia mai karanta labarai za ta ɗauki hoton takardar ta turo miki.

Albishirinki. Aikin da kika yi mana a gidan rediyonmu, Muryar Lungu, kafin ki tafi ya nuna kansa. Ranar Alhamis da hantsi muna maimaita Zaman Benci, shirin marigayiya Innarki Lamisi, wanda har yau matan kasuwa ba su yarda mu cire ba. Tana tsakiyar hira da wata mai sayar da kanwa sai muryarta ta ɗauke. Na gangara ɗakin na'urori. Manyan kwamfutocin nan biyu da kike kira saba, ta saman ta mutu murus, ko fanka ba ta juyawa. Ina tsaye ban taɓa komai ba, sai ta ƙasan ta ɗauki gurnani. Minti uku da ɗan kai, na duba agogo, shiri ya dawo. Na ga abin da kika yi ta faɗa mana da idona: in ɗaya ta faɗi, ɗayar za ta ɗauka.

An canza wa ta saman abin wutarta, ta tashi. Ni kuwa ba wanda ban ba labari ba, har direban torotoro, motar hayar da nake shiga. Shekara goma sha tara na muryar matata suna wuri biyu, ba abin da zai same su. Tun da ambaliya ta cinye mana kaset-kaset ban yi barci mai daɗi irin na kwanakin nan ba.

Tambaya ɗaya. Ƙaramin baƙin faifan nan da ke maƙale a bayan na'urorin, wayarsa tana harɗe ƙafar mutane. Me za a yi da shi?

Azumi ya zo. Allah ya sa mu gani da lafiya.

Kawunki,
Nuhu

Zariya
17 ga Maris, 2024

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ya ibada? Lafiyata ƙalau, sai zafin garin nan da ba iskar teku ko kaɗan. Da yamma ana shan ruwa da kunun tsamiya, yana da daɗi, amma ni koko na Maamobi nake mafarki. 'Yan ajinmu sun daina yi mini dariya a kan Hausata, yanzu na iya cewa mota ta zo, ba mota ya zo ba. In na dawo Inna Sa'adiyya za ta ce na yi girman kai. Don Allah ka riƙa shafa maganin gwiwar, kada ka ajiye shi a aljihu kana kallo.

Na karanta labarin saba sau uku ina murmushi ni kaɗai a ɗakin karatu. Wannan shi ne aikin da aka haɗa su domin shi. Bari in tuna maka yadda abin yake. Kwamfutar da ke sako shirye-shirye ba ƙarfe ba ce da za ka taɓa da hannu, kwamfuta ce ta cikin kwamfuta, kowace daga cikin saba biyun tana iya tafiyar da ita. Su biyun kullum suna taɓa juna ta waya, wannan ta ce ina nan, waccan ta ce ni ma. In ɗaya ta yi shiru, ɗayar sai ta kunna kwamfutar cikin a wajenta. Minti ukun da ka ƙirga lokacin kunnawar ne. Ba zan iya kawar da shi gaba ɗaya ba, don haka a ajiye wata waƙa a kusa saboda irin wannan rana.

Na ji daɗi da shirin Inna Lamisi ne ya gwada su. A ɗakinta na fara kwance rediyo ina 'yar shekara tara, ta dawo ta tarar da kusoshi a kan gadonta, maimakon duka ta ba ni faranti in zuba su.

Zancen baƙin faifan: Kawu, a daina barinsa a jikin na'urar. Ba wurinsa ba ne nan, da ma na manta ne ban cire shi ba ranar da zan tafi. A cire shi a fitar da shi daga ɗakin gaba ɗaya. Sauran bayani sai na zauna na rubuta maka a tsanake, yanzu an kira mu aji.

A gaida Zelia da mutanen gida.

'Yarka,
Bilkisu

Maamobi
14 ga Afrilu, 2024

'Yata Bilkisu,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya. Gwiwa ta yi sauƙi, na iya zuwa idi da ƙafata. Mahaifiyarki ta yi zazzaɓi na kwana biyu a ƙarshen azumi, amma ta warware, ranar Sallah ita ce kan gaba a rabon abinci. Titin Nima ya cika har mota ba ta motsi, mun watsa komai kai tsaye daga saman wani shago, Zelia ta yi magana har muryarta ta dishe. Na ci tuwon zafi a gidaje huɗu, ban ƙi ko ɗaya ba, don kada a ce na yi wariya. A gidanku kuwa aka cika mini kwano da shinkafar Sallah

har sai da na nemi agajin maƙwabta.

Baƙin faifan na cire shi tun ranar da wasiƙarki ta zo. Tunda kin ce ba wurinsa ba ne, kuma komai yana cikin saba biyu, na ba Zelia shi. Tana ta kukan wayarta ta cika da hotunan bidiyo na hawan Sallah da wa'azin azumi. Ta ce sai da ta share abin da ke ciki kafin ya karɓi nata, na ce ba laifi, abin da ke wuri biyu ba ya buƙatar na uku. Yanzu ba mai tuntuɓe da waya.

Ki ci abinci sosai. Hoton da kika turo wa mahaifiyarki ya nuna wuyanki ya yi tsawo.

Kawunki,
Nuhu

Zariya
21 ga Afrilu, 2024

Kawu,

Barka da Sallah. Ina lafiya, na gode Allah da jikin Inna ya yi sauƙi. Shafi ɗaya kawai na wasiƙarka ya iso, ya tsaya a kan shinkafar Sallah. Na san Zelia, ta ɗauki gaba ta manta baya. Kada a wahalar da ita, na tabbata sauran gaisuwa ce da faɗan ba na cin abinci. Ina ci.

Jarrabawa ta matso, daga nan har ƙarshen Mayu ba ni da sukuni. Bayanin da na yi maka alkawari yana raina, da zarar na ajiye biro zan rubuto.

'Yarka,
Bilkisu

Maamobi
28 ga Mayu, 2024

Bilkisu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, an kuma gama jarrabawa lafiya. Jikinmu lafiya, har mahaifiyarki. Na fara da wannan ne don kada gabanki ya faɗi. Amma gidan rediyo ba lafiya.

Jiya bayan azahar hadari ya taso daga wajen Alajo, baƙi ƙirin. Aka yi wata tsawa da ta sa Zelia ta jefar da takardunta. Wuta ta ɗauke ta dawo nan take, muka ji ƙauri. Ba wanda ya ji ciwo. Na gangara ina cewa a raina minti uku ne. Na tsaya da agogo a hannu. Minti uku ya wuce, goma ya wuce, la'asar ta yi.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. Saba biyun duk suna da rai. Fitilunsu kore ne, fankokinsu na juyawa. Amma rediyo shiru. A allo ta saman ta ce ta miƙa wa ta ƙasa, ta ƙasa ta gwada ta kasa ta mayar wa ta saman, daga baya duk suka haƙura. Akwatin da ke ƙarƙashinsu, mai fayafayai huɗu, shi ne ya yi ƙaurin, ba ko fitila ɗaya a jikinsa.

Tun jiya da baki kawai muke aiki. Labarai kai tsaye, sanarwar suna da ta rasuwa kai tsaye, waƙa kuwa sai mu kara wayar wani a bakin makirfo. Yau da safe mata uku daga kasuwar Nima sun tare ni suna tambaya ko za a sa Zaman Benci ranar Alhamis. Na ce in Allah ya yarda.

Mun kira wayarki ya fi sau ashirin, a kashe. An kawo mana wani mai gyara, mutumin kirki ne da alama. Ya ce ƙwaƙwalwar akwatin ce ta ƙone tare da faifai ɗaya. Yana da wani akwati irinsa, zai kawo ranar Juma'a da safe ya mayar da fayafayan ciki ya tsara su. Na tambaye shi shirye-shiryenmu fa, ya ce shi ƙarfe ya sani, in muna da kwafi a wani wuri ba matsala. Na ce muna da shi har biyu, a cikin saba. Haka ne ko? Ki ba ni amsa ko da layi ɗaya ne.

Kawunki,
Nuhu

Maamobi
30 ga Mayu, 2024

Bilkisu,

Sallama. Muna nan lafiya, Allah ya sa ke ma haka.

Yau Alhamis. Lokacin shirin ya zo ya wuce. Na zauna gaban makirfo na ce wa mutane na'ura ta sami matsala, sannan na sa Zelia ta karanta farashin tumatir.

Zelia ta ce saƙona ya shiga wayarki jiya da yamma, alamar ta nuna, amma ba a buɗe ba. Ban gaya wa mahaifiyarki ba saboda jininta. Na yi ta tunani. In kunya kike ji don aikinki ya tsaya, ki cire wannan daga ranki, tsawa ba ke kika aiko ta ba. In kuwa kin gaji da tsoho mai yawan tambaya ne, to ki faɗa mini, ba zan yi fushi ba, zan dai rage. Amma shirun nan bai yi kama da ke ba.

Gobe mai gyara zai zo. Tunda ban ji daga gare ki ba, zan bar shi ya yi aikinsa.

Nuhu

Zariya
31 ga Mayu, 2024

Kawuna,

Wa alaikumus salam. Ka yafe mini. Ina asibiti tun ranar Lahadi, zazzaɓin taifot ne ya kayar da ni washegarin jarrabawar ƙarshe. Yanzu da sauƙi sosai, yau na sha kunu ya zauna. Wayata tana ɗakinmu a mace, wata ƙawata ce ta yi mata caji shekaranjiya, sai yau da safe ta kawo mini. Kada a gaya wa Inna sai an sallame ni. Kuma Kawu, ni in gaji da kai? Wannan layin ya fi allurar da ake yi mini zafi.

Ina gama karanta wasiƙunka biyu na kira Zelia da ƙarin ruwa a hannuna. Ka ga yadda ta shigo a guje ta zare wayar wuta. Ta ce akwatin ya yi kamar minti goma yana aiki kafin ta isa. Don girman Allah kada a sake kunna shi. Kada kowa ya taɓa fayafayan, a rubuta wa kowanne lambar ramin da aka ciro shi.

Amsar tambayarka: a'a, Kawu. Ba haka ba ne. Babu ko shiri ɗaya a cikin saba. Su biyun ma'aikata ne kawai, duk abin da suke sakowa daga akwatin nan ɗaya suke ɗaukowa. Dole ne ma ya zama ɗaya, don in ta saman ta faɗi, ta ƙasan ta tarar da kaya a inda aka bar su. Shi ya sa a watan Maris abin ya yi aiki, yanzu kuma bai yi ba. Haɗin nan yana tsare mu daga mutuwar saba ɗaya, iyakarsa ke nan. Ba ya tsare mu in akwatin ya ƙone, ko ruwa ya shiga ɗakin, tunda duk suna ɗaki ɗaya a kan wuta ɗaya. In wani ya goge shiri bisa kuskure, saba biyun duk za su yarda an goge. Abin da sabon akwatin ya fara yi ɗazu kuwa, da ya ce bai san fayafayan ba sai an tsara su daga farko, sharewa ce.

Amma ka kwantar da hankalinka. Saboda irin wannan ranar na ajiye baƙin faifan. Duk Zaman Benci yana ciki, daga na farko har na ƙarshe, da hannuna na kwafa kafin in taho. Shi ya sa na ce a fitar da shi daga ɗakin. Na ambata wa Zelia shi a waya sai layi ya yanke. Yana gidanka, ko?

'Yarka,
Bilkisu

Maamobi
2 ga Yuni, 2024

'Yata,

Assalamu alaikum. Sannu, sannu. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Kina kwance a garin mutane ba naki ko ɗaya a kusa, ni kuma ina nan ina zarginki da shiru. Na ji kunyar waccan wasiƙar tawa, ki goge ta. Mu lafiya lau. Ban gaya wa Sa'adiyya ba, amma ta dube ni jiya ta ce fuskata ba daidai take ba, na ce gwiwa ce.

Na ɗauki biro na ajiye ya kai sau biyar tun jiya. Baƙin faifan ba ya gidana. Na ba Zelia tun lokacin ƙaramar Sallah, ta share shi ta zuba bidiyon Sallah, ta cika shi taf. Na rubuta miki wannan a shafi na biyu na wasiƙar Sallah, shafin da bai iso ba. Da kika ce sauran gaisuwa ce, na yi dariya na bar zancen.

Na ɗauko wasiƙarki ta Maris na sake karantawa. Kin ce a daina barinsa a jikin na'urar, ba wurinsa ba ne, a fitar da shi daga ɗakin. Yau na gane kina nufin a kai shi inda wuta da ruwa ba za su same shi tare da sauran ba. A ranar kuwa abin da na ji shi ne an gama da shi. Na ji abin da nake so in ji ne, don na riga na gaya wa duk Maamobi cewa Lamisi tana wuri biyu.

Zelia ba ta zo aiki ba jiya. Na je gidansu a Sabon Zongo na tarar idonta ya kumbura. Ta ce, "Baba, da hannuna na goge Mama Lamisi." Na ce mata ni na miƙa mata, ni na ce ba laifi, in akwai mai ɗauka ni ne. Mai gyaran ma ya tambaye ni kafin ya danna, ni na ce ya danna.

Ba na so ki ɗauki wannan ki ɗora a kan ciwonki. Shekara biyu da rabi ke nan da na binne ta, na san inda take, ba a cikin akwati take ba. Sai dai ban ɓoye miki ba, ranar Alhamis ita ce ranar da nake sa riga mai kyau.

Fayafayan huɗu suna cikin kabad ɗina, kowanne da lambarsa, na naɗe su a rawani. Ki gaya mini gaskiya, akwai sauran abin yi ko babu?

Kawunki,
Nuhu

Zariya
4 ga Yuni, 2024

Kawu,

Wa alaikumus salam. An sallame ni jiya, ina tafiya da ƙafata, sai dai jiri kaɗan. Na kira Inna da kaina na gaya mata, ta yi mini faɗan minti ashirin, daga nan na san ita ma lafiyarta ƙalau.

Na yi kuka, ba zan ce ban yi ba. Ka ce kai ne mai ɗauka, ban yarda ba. Wata shida ina haɗa na'urorin nan, ina jin daɗin yadda kake nuna ni ga baƙi kana cewa in ɗaya ta faɗi ɗayar za ta ɗauka. Ban taɓa tsayar da kai na ce ga abin da ba za su iya ba. Na bar ku da faifai ɗaya tak a madadin shekara goma sha tara, ko takarda ban manna masa ba. Sannan na rubuta maka rabin magana don an kira aji. Ka gaya wa Zelia haka daga bakina.

Gaskiyar da ka nema: ban sani ba, amma akwai fata. Minti goma ba ya isa a share manyan fayafayai irin waɗannan. Abin da ya fara tafiya shi ne farkonsu, inda aka jera sunayen shirye-shirye da wurin da kowanne yake. Sautin kansa mai yiwuwa yawancinsa yana nan a warwatse. Uku daga cikin huɗun suna da rai, kuma yadda na tsara su, uku sun isa a harhaɗa.

Akwai Mutawakil, wanda muka yi aiki tare kafin in zo wajenku. Shagonsa yana unguwar Malam, bayan tashar mota. Wannan ce sana'arsa, kuma ba ya gaggawa. Na yi masa bayani, yana jiranka ranar Alhamis. Ka kai da kanka, kada a sa su a bayan babur. Zai fara kwafe kowane faifai kafin ya taɓa komai.

Gidan rediyo kuma zai iya tashi ba tare da jiran wannan ba, zan bi da Mutawakil ta waya. Amma wannan karon sai da kwafi biyu a wajen ginin, kuma duk wata sai an buɗe ɗaya an saurara, a tabbatar yana magana.

'Yarka,
Bilkisu

Maamobi
21 ga Yuli, 2024

Zuwa ga 'yata Bilkisu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan jiki ya dawo daidai. Mun ji daɗin hoton babbar Sallah, kumatu sun fara fitowa. Mu nan lafiya. Mahaifiyarki tana ƙirga kwanakin hutunki da yatsu. Gwiwa tana nan yadda kika san ta. Ki yi haƙuri da jinkirin wasiƙa, za ki ga abin da ya riƙe ni.

Na san Mutawakil ya ba ki labari da yarenku na na'ura, ga shi da nawa. Sati uku ya yi da fayafayan. Ranar da ya kira ni na je Malam, ya zaunar da ni ya ba ni ruwa, ya ce, "Alhaji, na samo sauti dubu ɗaya da ɗari biyu da wani abu. Amma ba ko ɗaya mai suna, lamba ce kawai. Wasu sun yanke a tsakiya, wasu tallar magani ne. Ni ban san muryar kowa ba a ciki." Na ce masa ni na sani.

To aikin da nake yi ke nan. Kullum bayan la'asar ni da Zelia mu zauna, ta kunna, in saurara, in ce wannan hirar mai kanwa ce, shekarar da aka gyara babbar kwata, ta rubuta. Wani lokaci tari ɗaya na baƙuwa ya ishe ni in gane ta. Mun wuce ɗari bakwai. Cikinsu Zaman Benci cikakke ɗari huɗu da sittin. Na shekarun farko da yawa babu, na lura tun yanzu. Na ƙarshen da ta yi kafin ta kwanta ma bai fito ba, kuma raina ya ba ni ba zai fito ba. Na karɓi wannan. Ranar Alhamis da ta wuce shirin ya dawo a rediyo, mai wake da shinkafa ta ƙasan bene ta ƙure rediyonta har muna ji daga sama.

Mutawakil ya gargaɗe ni cewa irin wannan tono yana fito da har abin da aka goge da gangan tun tuni. Shekaranjiya muka faɗa kan ɗaya. Ba shiri ba ne. Na'ura ce na bari a kunne kafin a fara, na fita ɗebo ruwa. Ana jin fanka, ana jin kujera. Baƙuwar, wata mai kifi ce daga Alajo, ta tambaye ta wane ne tsohon nan na bayan gilashi. Sai Lamisi ta ce da Hausarta da kika sani, "Miji nawa ne. Shekara goma sha biyar shina zaune wurin nan, bai taɓa yanke mini magana ba ko sau ɗaya. A gida ma haka." Mai kifi ta ce ta yi sa'a. Ta ce, "Na sani. Amma kar ki gaya mishi, kai nashi zai kumbura." Suka yi dariya su biyu.

Ni da kaina na goge wannan a lokacin, ban saurara ba, na ɗauka hayaniyar kafin shiri ce. Zelia ta tashi ta ce za ta je ta duba wani abu a ƙasa, ta daɗe ba ta dawo ba. Allah ya yi mata albarka.

Wannan ba za a sa shi a rediyo ba. Na sa an kwafa uku. Ɗaya yana gidana, ɗaya wajen Mutawakil, na ukun Zelia za ta turo miki tare da wannan takarda, zan tsaya a kanta sai ta ɗauki hoton gaba da baya. Minti huɗu da rabi ne. Ki nemi wuri mara hayaniya. Tarin da za ki ji a ƙarshe nawa ne, ina shigowa da ruwan.

Kawunki,
Nuhu